Awara, Wake, Kifi ko Nama: Me Ya Dace da Magidancin da ke Neman Haihuwa?

Magana ta daɗe tana yawo a majalisun Aboabo da Asawase, unguwannin birnin Kumasi na ƙasar Gana, yanzu kuma ta koma WhatsApp: wai waken suya yana rage maniyyi, yana kashe ƙarfin maigida, har ma yana fito wa namiji da nono. Wasu matan sun daina zuba garinsa a kunun gida, wasu mazan kuma in mai awara ta wuce sai su kau da kai. Tsoron yana da tushe, sai dai an ɗauko shi daga inda yake gaskiya an kai shi inda ba ya aiki. Abin da mai neman haihuwa ke buƙatar sani shi ne nawa ne ya yi yawa, wane irin abincin waken suya ake nufi, sannan in ya bari me zai ci a madadinsa, don wani madadin ya fi shi ɓarna.

A cikin waken suya akwai sinadaran da ake kira aisofilabon. Siffarsu ta yi kama da ta istirojin, sinadarin da jikin mace ya fi na namiji yawansa, shi ya sa suke iya maƙalewa a wasu gurabun da istirojin ke zama a jiki. Kamar makullin da aka zura a kwaɗon da ba nasa ba ne: yana shiga, ya ɗan motsa, amma da ƙyar ya buɗe. Ƙarfinsu bai kama ƙafar istirojin na jiki ba, kuma hanji da hanta suna ɗaure mafi yawansu, su fita ta fitsari cikin kwana guda. Shi ma namiji yana da nasa istirojin, kuma ƙashinsa da sha'awarsa suna buƙatarsa.

Daga dabbobi zancen ya faro. A shekarun 1940 tumaki a yammacin Ostareliya suka daina haihuwa, aka gano wata ciyawa ce da suke ci daga safe har dare, mai ɗauke da irin waɗannan sinadaran. Daga baya aka yi gwaji a kan ɓeraye aka ga illa. Amma cikin tunkiya da hantar ɓera ba sa sarrafa sinadarin yadda jikin ɗan Adam ke yi, kuma ba mutumin da abincinsa kaf waken suya ne.

Binciken da ya fi tayar da ƙura a kan mutane shi ne na 2008 a birnin Bostan na Amurka. An tambayi maza 99 da suka je asibitin neman haihuwa abin da suka ci a watanni uku da suka wuce. Waɗanda suka fi cin waken suya an tarar ƙwayoyin maniyyinsu sun gaza na waɗanda ba sa ci da kusan miliyan 41 a kowace mililita. Wannan adadin shi ne ake ta yaɗawa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kusan kashi 72 cikin 100 na mutanen suna da ƙiba fiye da kima, kuma bambancin ya fi fitowa a cikin masu ƙibar. Ba a ga canji a motsin ƙwayoyin ko siffarsu ko yawan ruwan ba. Sannan a 2015 masu binciken na Bostan suka bi maza 184 da ake yi wa matansu dashen ciki a asibiti, ba su ga alaƙa tsakanin cin waken suyan miji da ɗaukar ciki ko haihuwar jariri ba.

Gwajin da ya fi tambaya ƙarfi shi ne a bai wa mutum abin ya ci, a auna shi kafin da bayan. An yi haka a Birtaniya a 2001, inda maza 14 suka sha miligiram 40 na aisofilabon kullum har wata biyu, maniyyinsu bai canja ba. An sake yi a Kanada a 2010 da samari 32 na tsawon kwana 57, sakamako iri ɗaya. Waɗannan gwaje-gwajen ƙanana ne, kuma kwana 57 bai cika kwana 74 da ƙwayar maniyyi ke ɗauka kafin ta nuna ba, don haka kada a ɗora musu nauyin da ya fi ƙarfinsu. Ta ɓangaren testosteron, sinadarin maza, hujjar ta fi kauri: a 2021 an tattara gwaje-gwaje 41 aka haɗa sakamakonsu, ba a ga waken suya ya rage testosteron ko ya ƙara istirojin a jinin maza ba.

To batun nono fa? Ya faru, kuma likitoci sun rubuta. Wani dattijo ɗan shekara 60 a Amurka ya riƙa shan madarar waken suya kusan lita uku kullum, nononsa ya kumbura. Wani saurayi ɗan shekara 19 mai ciwon suga ya mayar da waken suya kusan dukkan abincinsa, sha'awarsa ta mutu, testosteron ɗinsa ya faɗi. Su biyun an ƙiyasta suna ɗaukar kusan miligiram 360 na aisofilabon a rana, kuma da suka daina jikinsu ya koma daidai. A nan ne lissafi ke da amfani. Kofi ɗaya na madarar waken suya, wato mililita 250, ko awara giram 100, yana ɗauke da kusan miligiram 25. Kafin mutum ya kai 360 sai ya sha kofi 12 zuwa 14 kullum, wata da watanni. Dattawan Jafan, da suka tashi da wannan abinci tun suna yara, suna cin miligiram 30 zuwa 50 a rana. Ke nan kofi ɗaya ko biyu, ko 'yan yankan awara da yamma, yana cikin abin da miliyoyin maza ke ci tun kaka da kakanni.

Ba duk waken suya ne ɗaya ba

Waken da ake saukewa a kasuwannin Kumasi daga wajajen Yendi, Gushegu da Karaga yana da furotin kashi 36 zuwa 40 cikin 100, kuma ba wani wake a kasuwa da ya kai shi. Amma abin da ya isa jikin mutum ya dogara da yadda aka sarrafa shi.

Awara ba ta kai ɗanyen waken ko garinsa yawan aisofilabon ba, saboda wani kaso mai yawa yana bin ruwan da ake matsewa a zubar. Matsalarta tana wajen dafuwa da suya. Ɗanyen waken suya yana da wani sinadari da ke hana ciki narkar da furotin, zafi ne kawai ke kashe shi. Ruwan da aka tace bayan niƙa yakan taso da kumfa tun kafin ya tafasa da gaske, sai mai gaggawa ta ɗauka ya dahu ta zuba ruwan tsami. Sakamakon shi ne kumburin ciki da gudawa, wanda mutane ke ɗora wa waken laifi. Gyaran: a jiƙa awa 8 zuwa 10, a zubar da ruwan jiƙon, a niƙa, a tace, in kumfa ya taso a rage wuta a bar shi yana tafasa minti 15 zuwa 20 ana juyawa, sannan a zuba ruwan tsami ko na tsamiya ko lemun tsami kaɗan-kaɗan har ya dunƙule, ruwan ya yi garau. Masu sa alif, in ya yi yawa awarar kan yi tauri da ɗaci. Sai kuma mai. Awarar da ba a soya ba tana da kalori 80 zuwa 140 a giram 100, gwargwadon yadda aka matse ta. Soyayya takan kai 270. In man ya yi baƙi don an daɗe ana maimaita shi, to wannan ya fi aisofilabon cancantar tsoro. Wadda aka tsira a tsinke aka gasa da yaji, ko aka yanka a miya, ta fi.

Madara kuwa, ta gida da aka dafa sosai ba ta da aibi. Ta kwalba, a duba takardar jikinta, don yawanci suga ne ke sa ta daɗi, kuma mai shan kwalba uku a rana tumbi yake tarawa. Garin waken suya shi ne mai ƙarfi: giram 100 yana iya ɗaukar miligiram 150 ko fiye, tunda ba abin da aka zubar. Cokali biyu a koko ko a haɗin Tom Brown, wato garin kunu na soyayyen hatsi, ba komai ba ne, amma wanda ke dama rabin kofi safe da yamma ya fara hawa sama. A tabbata an soya waken kafin a niƙa. Busasshen naman waken suya da ake jiƙawa a zuba a miyar dage-dage daga garin ake yin sa, don haka shi ma yana da nasa kaso. Daddawar waken suya ɗan abin da ake jefawa a miya bai kai a ƙirga ba, man waken suya kuma kusan ba shi da aisofilabon sam.

Inda muke cewa a tsaya shi ne wajen gwangwani da ƙwaya. Ƙwayoyin aisofilabon da ake sayarwa an yi su ne don matan da al'ada ta ɗauke musu, kuma suna ba da miligiram 35 har zuwa 150 a rana. Namiji ba shi da abin yi da su. Garin furotin na masu ɗaga ƙarfe kuwa, ko na waken suya ne ko na madarar shanu, haɗarinsa ba furotin ɗin ba ne. An sha samun irin waɗannan kayan da aka cakuɗa da sinadaran kumbura tsoka ba tare da an rubuta ba. Duk testosteron da ya shigo daga waje, allura ko ƙwaya, yana sa ƙwaƙwalwa ta daina aika wa maraina umarni, sai samar da maniyyi ya tsaya, wani lokaci ya koma sifili, kuma dawowarsa kan ɗauki watanni, wani har fiye da shekara. Saurayi ya ga ƙirji ya buɗe, ya ɗauka mazantaka ta ƙaru, alhali abin da zai haihu da shi ne ya tafi. Duk gwangwanin da ba shi da lambar rajistar Hukumar Abinci da Magunguna ta Gana, a bar shi a kanti.

In an bar shi, me za a ci?

Namiji mai nauyin kilo 70 yana buƙatar furotin kusan giram 56 a rana. Tambayar ita ce daga ina.

Wake na gida, wanda ake dafa wake da shinkafa da shi, a yi ƙosai da tubani, yana da furotin kusan kashi 23 cikin 100, kuma aisofilabon ɗinsa bai taka kara ya karya ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da waken suya ba, wannan ne madadin da ya fi kusa kuma ya fi araha. Furotin ɗinsa bai cika kamar na waken suya ba, amma in aka haɗa shi da shinkafa, gero ko masara, kowanne na cike giɓin ɗan'uwansa. Tubani ya fi ƙosai, don turarawa ake yi ba suya ba.

Gyaɗa na da furotin kusan kashi 25, amma tana zuwa da nata haɗarin da mutane ba sa zance a kai. In ba ta bushe sosai ba, ko aka ajiye ta a ɗaki mai laima, wanda ba wuya a damunar Kumasi, sai wani funfuna ya kama ta ya bar guba mai suna afulatoksin. Wannan guba tana lalata hanta, dafuwa ba ta kashe ta, kuma gwaje-gwaje a kan dabbobi sun nuna tana taɓa maniyyi. Masara ma haka. Mafi hatsari shi ne tunkuza ko niƙaƙƙiyar gyaɗar da ba a san irin gyaɗar da aka niƙa ba, tunda a nan ne ake ɓoye ruɓaɓɓiya. Uwargida ta sayi gyaɗar da idonta, ta tsince masu baƙi, masu yamushewa da masu ɗaci, sannan ta kai inji. Mutumin da ya guji awara ya koma shan miyar gyaɗar da ba a tsince ba bai yi ciniki mai riba ba.

Kifi ne muke sa wa a gaba in aljihu ya yarda. Giram 100 na ba da furotin kusan giram 20, masu maiƙo irin su amane, wato ƙaramin kifin teku, kuma suna da man omega 3, wanda jikin ƙwayar maniyyi ke ɗauke da shi da yawa. A wani binciken na Bostan a 2014, a kan maza 155, masu yawan cin kifi an same su da maniyyi mafi kyau, masu yawan cin naman da aka sarrafa, irin sosej da naman gwangwani, ƙwayoyinsu masu kyakkyawar siffa sun fi ƙaranci. Wannan ma binciken tambaya ne, yana da rauni irin na 2008, amma abin lura shi ne ba wanda ya taɓa tura saƙon gargaɗi a kan sosej. Bandar amane sau biyu ko uku a mako, a miyar kuka ko ayoyo, ta wadatar. Tarwaɗa da karfasa ma suna da kyau, sai dai man nasu bai kai ba.

Nama yana da abu biyu da waken suya ba zai iya bayarwa yadda ya kamata ba: bitamin B12, wanda babu shi a wake ko kaɗan, da zinki, wanda namiji ke buƙatar miligiram 11 a rana. Akwai zinki a waken suya, amma wani sinadari a cikinsa yana riƙe shi ya hana hanji tsotsewa. Jiƙawa da barin abu ya yi tsami suna rage wannan. Don haka wanda ya bar nama da kifi da ƙwai gaba ɗaya ya dogara da awara kaɗai yana iya samun giɓi, ba don awarar na cutarwa ba sai don abin da ba ta da shi. Amma tsiren dare mai kitse kullum, a bi da lemon kwalba, shi ne hanyar tumbi. Kitsen jiki yana da wani sinadari da ke juya testosteron ya koma istirojin na gaske, mai cikakken ƙarfi. Ma'ana, abin da ake tsoro daga waken suya, tumbi ne ke yin sa.

Ƙwai ɗaya na da furotin giram 6 da B12, ga araha. Wagashi, wato cukun nonon shanu da ake ɗaure madararsa da tumfafiya, yana da furotin da sinadarin ƙashi, amma ya fi awara kitse irin na dabba, kuma in an soya shi abin ya ninka. A tafasa shi kafin ci, musamman wanda ya kwana.

To wa zai zaɓi me? Magidanci lafiyayye da ba shi da matsalar haihuwa ya ci awararsa, kofi ɗaya ko biyu na madara ko kwatankwacinsa a rana, ba abin da zai same shi. Mai ƙiba, mai hawan jini ko ciwon suga, gasasshiyar awara da kifi sun fi masa jan nama, kuma rage nauyi zai ɗaga testosteron ɗinsa fiye da kowane abu da zai cire daga kwano. Wanda aka auna aka ce ƙwayoyinsa sun yi ƙaranci, musamman in yana da ƙiba, in ya ga dama ya rage waken suya zuwa sau biyu ko uku a mako na tsawon wata uku, ya cike da wake da kifi. Hujjar yin hakan ba ta da ƙarfi, amma ba asara a ciki, muddin bai ɗauka shi ne magani ba. Mai shan maganin ƙarancin aikin maƙoƙo, wato lebotairoksin, ya bar tazarar awa huɗu tsakanin maganin da waken suya, don yana rage tsotsewarsa. Wanda jikinsa ke ƙaiƙayi, leɓe ya kumbura ko numfashi ya sarƙe bayan ya ci, wannan jikinsa ne bai karɓa ba, ya bari gaba ɗaya ya ga likita.

Duk wannan na kwano ne, kuma a gaskiya kwano ba shi ne kan gaba a dalilan rashin haihuwar maza ba. A kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa jinkiri, akwai hannun namiji a ciki, duk da cewa a Zango mace ake fara kai wa wajen mai magani. Kumburin jijiyoyin maraina yana samun kusan kashi 15 cikin 100 na maza, kuma ya kai kusan kashi 40 a cikin waɗanda ba su taɓa haihuwa ba suka je asibiti. Ana gyara shi da ƙaramar tiyata. Ciwon sanyi da ba a yi maganinsa da kyau ba yana toshe hanyar maniyyi. Hangum da ya sauka maraina bayan balaga yana iya shanye su. Tsargiya, ga wanda ya yi wanka a Tafkin Bolta ko madatsun ruwan arewa, ba mafitsara kaɗai take taɓawa ba. Tiramadol, da wasu matasa ke sha don jinkirta kawowa ko jure aikin ƙarfi, yana kayar da testosteron in an daɗe a kansa. Taba da giya ma haka. Maraina suna son sanyin da ya gaza na jiki da digiri biyu zuwa uku, don haka direban da ke wuni a kan kujera mai zafi, da mai gasa burodi, da mai tsayuwa a bakin wutar tsire, su sa wando mai sakin jiki, su riƙa tashi suna shan iska. Magungunan ƙarfin maza na kwalba kuma, ko sun taimaka wajen tashi, ba sa ƙara ƙwaya ko ɗaya a maniyyi.

Idan shekara ta cika ana tare ba tsarin iyali kuma ba ciki, ko wata shida in matar ta haura 35, Malam ya je a auna maniyyinsa. Ana yi a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye da ɗakunan gwaji masu zaman kansu. A ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7 kafin ranar. Ƙasa da haka adadi ya ragu, fiye da haka motsi ya ragu. A karɓi robar daga ɗakin gwajin, kada a yi amfani da kororon roba na kanti, don man jikinsa yana kashe ƙwayoyin. Ɗigon farko ne ya fi ƙwaya, in ya zube a gaya wa mai gwajin. In a gida aka tara, a sa robar a aljihun ciki kusa da jiki, a kai cikin awa ɗaya, a kuma yi lissafin cunkoson kasuwar Kejetia da ke tsakiyar Kumasi tun kafin a fito.

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya sa iyakar ƙasa a ruwa mililita 1.4, ƙwayoyi miliyan 16 a mililita ko miliyan 39 gaba ɗaya, kashi 42 cikin 100 masu motsi, kashi 30 masu tafiya gaba, kashi 4 masu cikakkiyar siffa. Faɗuwa ƙasa da wannan ba ya nufin mutum ba zai haihu ba, kuma gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Zazzaɓin cizon sauro mai zafi kaɗai na iya kayar da adadin har na wata biyu ko uku, don haka wanda ya yi jinya kwanan nan ya faɗa wa likita, a sake gwajin bayan wata uku.